Fuskar da Na Tafi Gani

Bazara ce, irin wadda mangwaro ke zubowa tun bai gama nuna ba. Kun tuna shekarar. Man fetur ya ɓace, kananzir sai a kwalbar magani, taki kuwa a rediyo kawai muke jin labarinsa, ga sojoji a kowace kwanar hanya. Kowa ya ƙanƙame ɗan abin da ke hannunsa, ko gaisuwa ta gajarce. A wannan shekarar ce ni Saratu, da ban taɓa wuce Zariya ba, na tashi daga Kurmin Kogi na je har Abijan.

Tun da na dawo, ku matan zumuntar cocinmu ba ku bar ni na huta ba. Maƙwabciyata Laraba ta tare ni a bakin rijiya ya fi sau biyar: "Yaya Ɗanjuma? Ya yi aure a can? Wai da gaske ne ruwan teku gishiri ne?" Sai in ce lafiya lau, in ɗauki tuluna. Bakina ba ya iya ɗaukar maganar, shi ya sa na ɗauko littafin da ya rage mini tun ajin yaƙi da jahilci. Hannuna a hankali yake tafiya, ku yi haƙuri da shi.

Wanda Laraba take tambaya shi ne ɗan cikina na fari. Kun san al'adarmu da ɗan fari. Sunan nan da ta faɗa, ni ban taɓa faɗinsa ba. Ban goya shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta yaye shi, in kuma muna magana gefe nake kallo. Sai dai akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Fuskarsa ta ubansa ce sak: goshin nan mai tudu a kan gira, haɓa mai faɗi, hanci kamar an sara da gatari. Maigidana ya rasu bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Bayan rasuwarsa, in yaron ya sunkuya yana cin abinci, nakan saci kallonsa ta gefen ido. Iyakar abin da ya rage mini na mijina ke nan.

Yadda ya taso ma kun sani, tunda wasunku sun yi magana a lokacin. Ya fi son murhu da gona, ya fi iya ɗaurin zane da ni. Da maganar ta yi yawa ya tafi Kano, daga can sai Abijan, inda ya kafa sana'ar tuwo da miya. Shekara goma sha ɗaya ban sa shi a ido ba. Atamfa yakan aiko ta hannun fataken goro, da wata rediyo mai cin kaset, sai kuma kaset ɗin da yake yi mini magana a ciki.

Kaset na ƙarshe Hajiya Gambo ce ta kawo, wata mai fataucin goro 'yar Makarfi. Na rufe ƙofa na kunna.

"Inna, ina gaisuwa. Inna, a nan Jummai ake kirana, ya kai shekara tara. Akwai likitan da ke zuwa daga ƙasar waje sau biyu a shekara, zai yi mini aiki a fuska. Zai rage ƙashin goshi da na haɓa, ya gyara hanci, ya kankare zakaran wuya, don fuskar ta zama ta mace, ta dace da ni. Litinin ta biyu bayan Ista ne, ba a ɗagawa. Ba izini nake nema ba, Inna. Ina so ne in na farka in ga nawa a kusa. In ba za ki iya ba, ba zan riƙe ki ba."

Daga nan zan riƙa cewa ita. Wadda abin ya yi wa nauyi ta ajiye takardar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba jinya ce ta tashe ni ba. Abin da na ce a raina shi ne, kafin wuƙa ta taɓa fuskar nan, sai na tsaya gabanta na kalle ta sosai sau ɗaya, ido da ido, kunya ko ba kunya. Hajiya Gambo ta ce in mun tashi da wuri, ranar Asabar muna Abijan. Kwana biyu ke nan zan samu.

A Zariya aka yi mini ɗan littafin tafiya, aka yi mini allura a dantse, aka ba ni wani kati rawaya. Na ɗauka irin katin asibiti ne da ake ajiyewa sai ranar komawa, sai na sa shi cikin Littafi Mai Tsarki a kan akwatina, na bar shi a gida. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Na ƙulla gero da tsamiya da kuka da daddawa, da mazarƙwaila ta Kudan guda shida don tana sonta tun tana ƙarama. A tashar Ikara muka yi rabin yini muna jiran direba ya samo mai. Daga Zariya muka shiga babbar mota zuwa Ikko. Shingen sojoji ban ƙirga ba. A wani wuri wani soja ya buɗe ƙullina, ya ɗaga mazarƙwaila yana jujjuyawa, ya tambaya da Turanci ko mene ne. Hajiya Gambo ta ce, "Gatsa ka ji, ɗan nan." Ya gatsa, ya yi dariya, ya sa biyu a aljihu. Saura huɗu.

Hajiya Gambo mace ce mai murya, ta yi hanyar nan ya fi sau talatin. Ta san inda ake saukowa a yi fitsari, da inda ba a sayen nama. Ita da sallarta, ni da addu'ata, ba wanda ya takura wa wani. Bayan mun wuce babbar gada ta dube ni ta ce, "Saratu, na san gidan da za ki. Ina cin tuwonsu duk zuwa."

Na shiga gyaran bakin ƙullina.

Ta ce, "Ba tambayarki nake ba. Miyar kukarsu ta fi ta kowa a Abijan, shi ke nan abin da na sani." Ta ɓare goro ta miƙo mini. Ba ta sake tayar da zancen ba.

A Ikko muka sauka a zangon Hausawa, a ɗakin wata ƙawarta, mu tara a kan tabarma uku. Garin ba ya yin shiru ko kaɗan. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutum zai taka ƙafarka ya wuce, ba sannu. Ni kuwa duk wanda muka haɗa ido sai in fara, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, kafin in kai ga yara mutumin ya yi nisa. Hajiya ta ce, "Ki adana gaisuwarki, za ta ƙare kafin mu isa."

Daga nan iyaka ce bayan iyaka. A sauko, a yi layi, a buga hatimi, a koma mota. Kuɗi ma sai ya canja kama, harshe ya canja. A Kwatano mata ne ke tuƙa babur da kaya a baya, ba mai kallonsu. A Lome na ga teku ta tagar mota, ban ga ƙarshensa ba, sai na kawar da kai. A Gana aka sayo mana wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo, da kifi da barkono, ba miya. Na ci don yunwa. Sau biyu aka tambayi katin rawaya, sau biyu Hajiya ta shige gabana da surutunta har aka bar mu.

A iyakar ƙarshe, ranar Asabar da hantsi, surutun bai yi aiki ba. Wata mata mai farar riga ta miƙo hannu. Hajiya ta ce mini katin allura take so. Sai na naɗe hannun rigata, na nuna mata lambar da aka yi mana muna yara, na nuna mata kuma inda aka soka mini ta Zariya, har wurin bai gama sacewa ba. A ganina wace shaida ta fi wannan? Matar ta kira abokan aikinta su zo su gani, suka yi ta dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ba su bar ni na wuce ba. Sai an sake allura, mai allurar kuma sai Litinin.

Direba yana ta danna oda. Kayan Hajiya suna kan mota, masu goro suna jiranta. Ta rubuta sunan unguwa da na asibiti a bayan kwalin ashana, ta danƙa mini, ta ce za ta kai saƙo. Na tsaya ina kallon motar har ta shige cikin itatuwa.

Kwana biyun nan ba zan iya ba ku labarinsu da kyau ba. Ba wanda ke jin Hausa. Wata mai soya ayaba ta nuna mini benci a rumfarta, a nan na zauna, a nan na kwana. Ba mu da kalma ɗaya da muka haɗa. In ta ɗaga gira, in gyaɗa kai. Na taya ta ɓare ayaba, na ba ta mazarƙwaila ɗaya. Ranar Lahadi na ji ana waƙa a wani coci can nesa, muryar waƙar irin tamu ce amma kalmomin ba namu ba. Na bi su a hankali da Hausa, ni kaɗai. Duk motar da ta wuce sai in ga kamar da fuskar nan take tafiya.

Litinin da safe aka soka mini allura a ɗaya dantsen. Sai bayan la'asar na isa asibitin.

A bakin ƙofa wata doguwa ta taso, ta sha ɗaurin kallabi, muryarta mai kauri. Ta durƙusa har ƙasa. "Inna, sannu da hanya. Ni ce Asabe, ni na riƙe ta tun zuwanta garin nan. Wayyo Inna, kin ga yadda kika yi baƙi? Mun je tasha jiya, mun je shekaranjiya, har Hajiya ta kawo labari."

Na ce, "An shiga?"

Ta ce, "An fito."

Abin da na tarar a kan gado ba fuska ba ce. Farin ƙyalle ne naɗe da kai gaba ɗaya, an bar ramin ido biyu da na baki, idanun sun kumbura sun yi baƙi. Na zauna a ƙasa. Nas ta yi magana da Faransanci, Asabe ta juya mini: "Ta ce maganin barci bai sake ta ba. Ki kira sunanta, muryar uwa ta fi saurin kai musu."

Na buɗe baki. Nas tana kallona, Asabe tana kallona. Shekara talatin harshena bai taɓa ɗaukar sunan abin da na fara haifa ba, na da ko na yanzu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Sannu. An zo."

Asabe ta gane. Ta ce wa nas wani abu, sannan ta sunkuya: "Jummai! Ke Jummai, tashi, uwar son jiki, ga Inna ta zo tun daga Ikara kina nan kina minshari." Yatsun hannun suka motsa. Na matsa na sa nawa kusa da su, suka kama.

Bayan kwana uku muka koma gidansu, ɗaki biyu a bayan rumfar tuwo, su biyar ke zaune. A can ba katanga, ba zaure, maƙwabta na ganin tukunyarka. Abincinsu wani garin rogo ne mai tsami da kifi, da dogon burodi mai tauri da za a iya korar akuya da shi. Jummai ba ta iya tauna. Nan geron nan da tsamiya suka yi rana. Na dama kunu mai ruwa, na jefa mazarƙwaila, ina ɗura mata da ƙaramin cokali ta gefen baki. Tun tana jaririya ban ba ta abu a baki ba.

Na yi kuskure ɗaya, gara in faɗa. Da aka rage ƙyallen, na ga kumburi har wuya. Mu a gida me ake yi wa kumburi in ba gashi ba? Asabe ta tafi kasuwa, na tafasa ruwa, na tsoma tsumma, na shiga gasa mata muƙamuƙi kamar mai jego. Tana ta ɗaga hannu, na ɗauka raki ne. Kafin azahar fuskar ta ninka, ɗinki ɗaya ya fara tsattsafo da jini.

Asabe ta shigo ta yar da kwando. "Na shiga uku! Inna, ƙanƙara likita ya ce, ƙanƙara! Mun kai kaza an gyara, ke kin zo kin dafa mana ita!"

Aka koma asibiti a tasi. Nas ta yi faɗa mai tsawo, Asabe ta ce ba sai ta fassara ba. Allah ya taimaka ɗinkin bai buɗe ba. A hanyar dawowa ina ta hawaye, sai na ji kafaɗar Jummai tana rawa. Dariya take, tana riƙe da haɓa don zafi. Ta cikin haƙora ta ce, "Inna, aƙalla kin taɓa ni."

Mako uku na yi. Da rana duk suna rumfa, daga ni sai ita sai ƙarar titi. Sauran suna girmama ni, amma hirarsu ba tawa ba ce, rabi Faransanci, rabi habaicin da ban san kansa ba. Na fi zama a bakin taga.

Ranar da aka cire ƙyalle na ƙarshe, ta ɗauki madubi ta daɗe tana kallo. Ba ta yi guɗa ba kamar su Asabe. Numfashi kawai ta sauke, irin na wanda ya sauke itace bayan doguwar tafiya. Sannan ta juyo. "Inna, ki dube ni."

Na kalli bango, yadda na saba.

"Ba mutane a nan, Inna. Ki dube ni."

Na duba. Har yanzu da kumburi, da shuɗi a ƙarƙashin ido. Amma tudun goshin babu. Haɓar ta zama siririya. Na nemi mijina ta sama, na neme shi ta ƙasa, ban same shi ba. Wata mata ce zaune a gabana, mai kama da ƙanwar uwata. Sai idona ya sauka a kan kuncinta na hagu. Tsagar gidanmu tana nan, 'yar gajeriya, wadda wanzami ya yi ranar suna, ubanta na riƙe da ita.

Ta ce, "Likita ya ce zai iya shafe ta. Na ce ya bari."

Na ce, "Na so in riski waccan. Kwana biyu kawai."

"Na sani. Kina tsammani ban san kina satar kallona ba in ina cin tuwo? Na san ba ni kike kallo ba." Ta ajiye madubin. "Ke kina ganinta ta gefen ido, Inna. Ni kullum da ita nake tashi. Fuskar Baba ce, ina sonsa, amma ban taɓa samun kaina a ciki ba."

Na tashi na dama kunu.

Ranar komawa, Hajiya Gambo ta gama sayen goronta, katin rawaya sabo yana ƙulle a bakin zanena. Jummai ta rako ni tasha, ta yafa gyale. Ta ba ni atamfa, da batir, da kaset sabo ba komai a ciki, da wata ambulan. Ta ce kar in buɗe sai na isa. Na hau mota na zauna ta taga. Ta tsaya a ƙasa tana jira, na san abin da take jira. Sunan ya zo har bakina, ya koma. Na ce, "To, a kula da shan magani." Ta ce, "To, Inna." Motar ta tashi.

Ban iya jira ba, kafin iyakar farko na buɗe. Hoto ne. An ɗauke shi ranar Lahadin da nake zaune a rumfar mai ayaba. Jummai ta cire kallabi, ta wanke kwalli, ta sa hula da riga irin ta maza, abin da Asabe ta taɓa gaya mini ta rantse ba za ta sake sawa ba. Ta tsaya ta kalli mai hoto kai tsaye, ba murmushi. Mijina ne, kamar zai ce a kawo masa ruwa. A baya ta rubuta da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa: INNA GA BABA NAN.

Hajiya ta leƙo, ta gani, ta mayar da kanta ga taga.

Kwana biyar muka yi a hanya. Na iso Kurmin Kogi da yamma, an yi ruwan farko, ƙasa tana ƙamshi, kowa yana gona. Ɗakina yana nan yadda na bar shi, tsohon katin yana cikin Littafi. Na cire shi na sa hoton a wurinsa. Abin da na tafi nema na samu, ga shi a hannuna, zan iya kallonsa duk lokacin da na so ba mai cewa na yi rashin kunya. Amma ba hoton nake ta gani ba. Wadda ta tsaya a tasha da gyale nake gani.

Laraba, ga amsarki. Ba a yi aure ba. Ruwan teku ban ɗanɗana ba.

Washegari da safe na share tsakar gida, na ba kaji dusa. Na shiga ɗaki na sa wa rediyo batir, na saka kaset ɗin nan sabo, na danna maɓallan biyu tare yadda ta koya mini. Na bar ƙofa a buɗe. Kaset yana ta juyawa, ba abin da yake ɗauka sai kukan kaji da wata mai daka a maƙwabta. Na goge bakina da gefen zane, na matso kusa.

Na ce, "Jummai. Jummai, ni ce. Na iso lafiya."